Bayan kotu ta sauke bashi: yadda ƙaramin katin bashi ke gyara wa mutum suna a Amurka

A shekarar 2014, kuɗin farantin ƙarfen da ake mannawa a gaban motar tasi mai ruwan ɗorawa a birnin New York, wato izinin ɗaukar fasinja a bakin titi, ya haura dala miliyan ɗaya. Direbobi da yawa, akasarinsu baƙi daga Kudancin Asiya da Haiti da Afirka ta Yamma, sun ci bashi sun saya, a ganinsu sun samu abin da za su bar wa 'ya'ya. Sai ga motocin Uber da Lyft, waɗanda ake kira ta manhajar waya, sun cika gari, farashin da dillalai da masu ba da bashi suka hura ya soma sacewa. Kafin 2019 farantin ya faɗo ƙasa da dala dubu 200, bashin kuwa yana nan daram. Binciken da jaridar New York Times ta yi a shekarar ya ƙirga fiye da mutum 950 masu wannan faranti da suka je kotu suka ce sun karye.

A wajenmu idan aka ce ɗan kasuwa ya karye, magana ce ta baki. Ya daina buɗe shago, masu bin sa suna sintiri a ƙofar gida, dattawa suna shiga tsakani. A Amurka karyewa shari'a ce mai lamba da alƙali da kuɗin shigar da ƙara. Mutum da ƙafarsa yake zuwa kotun tarayya, ya baje abin da ya mallaka da abin da ake bin sa, ya ce ya gaza. An shigar da irin wannan ƙara sama da dubu 500 a 2024 kaɗai, kuma ba duka ne 'yan almubazzaranci ba. Kuɗin asibiti, korar aiki, mutuwar aure, kasuwar da ta juya baya, su ne suka fi kai mutane can.

Dokar da ake aiki da ita ta 1978 ce, kuma ga ɗaiɗaikun mutane ƙofa biyu aka fi bi. A Babi na 7, kotu na naɗa wakili ya duba kadarorin mutum, ya sayar da waɗanda doka ba ta kare ba, ya raba wa masu bi, ragowar bashin a shafe shi. Sau da yawa ma ba a samun abin sayarwa, kuma cikin wata huɗu ko makamancin haka an gama. Babi na 13 na mai albashi ne da ke son riƙe gidansa ko motarsa: a tsara masa biyan wani kaso duk wata har shekara uku zuwa biyar, in ya cika a yafe sauran. Tun gyaran da aka yi wa dokar a 2005, sai an auna abin da mutum yake samu kafin a bar shi ya bi ta Babi na 7, kuma sai ya zauna darasi kan harkar bashi sau biyu, ɗaya kafin shigar da ƙara, ɗaya kafin a sallame shi. Akwai nauyin da ba ya sauka ko ta wace ƙofa aka bi, kamar kuɗin ciyar da 'ya'ya da na tsohuwar mata, tarar laifi, harajin baya-bayan nan, da mafi yawan bashin karatu.

Ranar da takardar sallama ta fito, masu bi ba su da ikon sake buga masa waya a kan bashin da aka shafe. Barci ya dawo. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba.

Akwai kamfanoni uku, Equifax da Experian da TransUnion, waɗanda sana'arsu ita ce ajiye tarihin bashin kusan duk wani baligi a ƙasar. Bankuna ne ke aika musu rahoto duk wata: wane ya ci kaza, ya biya a kan lokaci, ko ya makara. Karyewa ta Babi na 7 tana zama a wannan kundi shekara goma daga ranar da aka shigar da ƙara, ta Babi na 13 kuma an saba cire ta bayan shekara bakwai. Kundin nan ba banki kaɗai ke karanta shi ba. Maigidan haya yana dubawa kafin ya ba ka makulli. A yawancin jihohi kamfanin inshorar mota yana dubawa kafin ya yanka maka farashi. Kamfanin wuta ko na waya zai iya cewa sai ka ajiye kuɗi tukuna. Wasu masu ɗaukar aiki ma suna neman izininka a rubuce su leƙa. Mai karatu a gida kada ya ɗauka abin na can ne kawai: Najeriya tana da CRC da FirstCentral da CreditRegistry, an yi musu doka a 2017, kuma lambar BVN ta sa wanda ya ci bashin manhaja ya gudu ba ya ɓacewa kamar da. Sai dai kundin gida ba ya bin mutum ƙetare. Ko ka shekara ashirin kana biyan banki a Kano ba fashi, in ka sauka Amurka farar takarda ce kai.

Daga abin da ke cikin kundin ake fitar da maki. Wanda ya fi shahara shi ne na kamfanin FICO, wanda ya fito a 1989, yana tashi daga 300 zuwa 850. Kamfanin ya bayyana yadda ya raba nauyin: kashi 35 cikin 100 na biya a kan lokaci, kashi 30 na yawan abin da ake bin ka idan an gwada da iyakar da aka ba ka, kashi 15 na daɗewar tarihinka, kashi 10 na sabbin basussukan da ka nema, kashi 10 na bambancin nau'insu. Abin lura a nan shi ne kashi 65 na makin ya rataya ne a kan abubuwa biyu da mutum zai iya soma gyarawa daga wata mai zuwa. Shekara goman da ake tsorata mutane da ita, tsawon zaman tabon ne a takarda. Nauyinsa a kan maki yana raguwa shekara bayan shekara, muddin akwai sabon labari mai kyau da ke taruwa a kansa.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne yake kayar da mutanen kirki. Wanda ya sha wuya a hannun masu bashi yakan yi rantsuwa shi da katin bashi har abada, ya koma sayen komai da tsabar kuɗi. A hankalce ya yi daidai. A wajen na'urar da ke lissafin maki kuwa, bai yi komai ba, domin ba ta ganin tsabar kuɗi, abin da aka kai mata rahoto kawai take gani. Bayan shekara uku za a buɗe kundinsa a tarar labari na ƙarshe a ciki shi ne karyewa, ba abin da ya biyo baya. FICO ma ba ya fitar da maki sai in akwai asusun da ya kai wata shida da buɗewa, kuma an kai rahoto a kan mutum cikin wata shidan da suka wuce. Ɗan kasuwar da ya karye a Kantin Kwari, in ya koma wajen ubangidansa, ba a buɗe masa sito a ce ya ɗiba. Bandir biyu ake ba shi, ya sayar ya kawo kuɗi ranar da ya ce, a ƙara masa ya zama biyar. Wanda ya zauna a gida saboda kunya ba wanda zai ce ya sake cin amana, amma kuma ba wanda zai iya shaidar ya gyaru. Katin bashi bayan karyewa shi ne bandir biyun nan.

Abin da ke ba sabon sallamamme mamaki shi ne ba ya ma buƙatar ya fita nema. Makonni kaɗan bayan shari'a, akwatin wasiƙunsa zai cika da takardu masu ƙyalli: an amince da kai, ga kati, ga bashin mota. Shari'ar karyewa a buɗe take, kowa na iya ganin sunayen. Wasu sukan ɗauka alama ce ta cewa an yafe musu. Lissafin masu aiko da takardun daban ne. Mutumin nan an sauke masa tsohon kaya, don haka albashinsa ya samu sarari. Sannan doka ta ce wanda aka sallama ta Babi na 7 ba zai sake samun irin wannan sallama ba sai bayan shekara takwas daga ranar da ya shigar da ƙarar farko. Ma'ana ƙofar gudu ta rufe. Duk abin da ya ci yanzu, za a iya kai shi kotu a datse albashinsa. A idon mai ba da bashi da tsada, babu abokin ciniki mai daɗi kamar wannan. Ni a ganina duk wanda ya fahimci wannan magana ɗaya ya fahimci rabin al'amarin.

Mu ɗauki irin katin da ke zuwa a waɗannan wasiƙu mu duba shi da kyau. Iyakarsa dala 300. Kafin a buɗe asusun za a ce ka biya kuɗin rajista, a ce dala 90. Ranar da katin ya iso, an riga an ɗora masa dala 75 na kuɗin shekara, saura 225 kake da su, kuma tun ba ka sayi ko burodi ba kundinka ya nuna ka cinye rubu'in iyakarka. A shekara ta biyu a ƙaro kuɗin kula da asusu na wata-wata. Dala 75 ɗin nan ba haka kawai aka zaɓe ta ba. Dokar katin bashi da Shugaba Obama ya sa wa hannu a 2009 ta hana cajin da ya wuce kashi 25 na iyakar kati a shekarar farko, sai masu wannan sana'a suka tsaya cif a kan layin, suka tura ragowar cajin zuwa kafin buɗe asusu da bayan shekarar farko, inda dokar ba ta kai ba. Kuɗin ruwa kuwa ba shi da rufi na tarayya. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1978 a shari'ar Marquette, banki na iya cajin abin da jiharsa ta yarda da shi ko da abokin cinikin yana wata jiha, shi ya sa za ka ga adireshin kamfanonin kati da yawa a South Dakota ko Delaware. A ƙarshen 2009 bankin First Premier na South Dakota ya fito da kati mai ruwa kashi 79.9 a shekara, kuma bai karya doka ba.

Hanyar da ta fi tsabta ita ce katin jingina. Kai ne za ka ajiye wa banki kuɗi, galibi daga dala 200, ya ba ka kati mai iyakar daidai abin da ka ajiye. Banki ba ya tsoron komai tunda kuɗinka na hannunsa, don haka ba ya tsaurara bincike. A kundin bashi kuma katin yana fitowa kamar kowane kati, ana rubuta masa an biya, an biya, an biya. Akwai kuskuren da ake yawan yi a nan: mutum ya ɗauka abin da ya kashe ana cirewa ne daga ajiyarsa. Ba haka ba ne. Ajiyar tana kulle, ba a taɓa ta sai ka gaza gaba ɗaya an rufe asusun. Abin da ka saya bashi ne, sai ka biya daga aljihu, in ka makara a rubuta ka makara ko da dala dubu ka ajiye. Shi kuwa katin cire kuɗi na asusunka na yau da kullum, da katin da ake lodawa kuɗi a kanti, ba sa kai rahoto ko'ina, ko shekara nawa ka yi da su.

Kafin a miƙa ajiya, a tambaya ko bankin yana kai rahoto ga kamfanonin nan uku duka, domin ba ka san wanda maigidan hayarka na gaba zai duba ba. A tambayi kuɗin shekara, tunda akwai manyan bankuna da bankunan haɗin gwiwa da ba sa karɓar ko sisi. A tambaya kuma ko akwai lokacin da suke duba asusun su mayar da ajiya su bar maka katin. Wasu suna soma dubawa daga wata shida ko bakwai, wasu kuwa ba sa mayarwa sai ka rufe. Bankin da bashinsa ya nutse a shari'arka yana da nasa littafin na cikin gida wanda ba ruwansa da shekara goma, kada ka ɓata lokaci a ƙofarsa. Kuma kada a bi bankuna ana cike takardu barkatai, domin kowace nema ta gaske tana barin alama a kundi har shekara biyu, tana ɗan rage maki a shekarar farko. Yawancinsu suna da shafin gwaji da ke gaya maka ko kana da dama ba tare da barin alama ba. Wanda ke tsakiyar biyan Babi na 13 shi nasa daban ne, ba ya cin sabon bashi sai da izinin wakilin kotu ko alƙali, in ya yi gaban kansa zai iya rusa shari'ar da ya shekara uku yana ginawa.

To, kati ya zo hannu. Kowane kati yana da ranaku biyu a wata, kuma mutane ɗaya kawai suka sani. Akwai ranar rufe lissafi, ranar da banki ke tattara abin da ka kashe ya fitar da takarda. Akwai ranar biya, wadda doka ta ce ta kasance aƙalla kwana 21 bayan an aiko da takardar. Abin da banki ke aika wa masu kundi galibi shi ne adadin da ke kan katin a ranar rufe lissafi. A ce direba yana da kati mai iyakar dala 200, yana shan mai da shi, ranar rufe lissafi ta same shi da 180 a kai. Ranar biya ta zo ya biya duka, bai makara ba, bai ba da ruwa ba. Shi a ransa ya yi abin a yaba. A kundi kuwa an rubuta mutum ne da ya cinye kashi 90 na abin da aka ba shi, irin wanda ruwa ya kusa ƙare wa. Makinsa ya tsaya ko ya sauka, ya rasa dalili. Maganin ba wuya: ko dai ya biya 165 kwana biyu kafin ranar rufe lissafi, takarda ta fito da 15, ko kuma tun farko ya ɗora wa katin ƙaramin abu ɗaya da yake biya dama duk wata, ya jefa shi a durowa. An saba cewa kada a wuce kashi 30 na iyaka, amma masu maki mafi kyau ƙasa da kashi 10 suke tsayawa. Abin daɗin shi ne a nau'in makin da aka fi amfani da shi, wannan ɓangare ba ya riƙe abu a rai, wata ɗaya ka gyara ya manta na baya. Sabbin nau'o'in ne suka soma waiwayen wata 24.

Akwai wata magana da ke yawo a wajen aski da gareji, wai sai ka bar ɗan bashi a kan kati kana ba da ruwa sannan maki ke hawa. Ƙarya ce, kuma banki kaɗai take amfana. Na'urar ba ta san ko ka ba da ruwa ko ba ka bayar ba. Abin da ake so takarda ta fito da ɗan adadi, ka share shi duka kafin ranar biya. Wanda ya yi haka ba a cajinsa ruwa ko kaɗan a kan sayayya. Wanda ya tsaya a kan mafi ƙarancin abin da aka ce ya biya shi ne abincinsu. Matsakaicin ruwan kati a Amurka ya haura kashi 20 a 'yan shekarun nan, na masu tabo kuma yakan kusanci 30. Dala 1,000 a kan kashi 29 tana haifar da kusan dala 24 duk wata, kafin a taɓa uwar kuɗin.

Makara ita ce babbar musiba. Kwana ɗaya ko biyar tara kawai za a ci ka, amma da zarar ta kai kwana 30 sai a kai rahoto, kuma ta zauna shekara bakwai. Makarar da ta zo bayan karyewa ta fi ta kafinta muni, domin ta farko ana iya cewa ƙaddara ce, ta biyu kuma ana karanta ta a matsayin hali. Mutanenmu suna da tasu hanyar faɗawa wannan rami. Mutum ya tafi gida ganin iyaye ko ya tafi aikin Hajji, ya cire layinsa na can ya sa na gida, saƙon banki bai same shi ba, ya dawo bayan wata biyu ya tarar dala 18 ta ɓata masa aikin shekara guda. A ba banki umarnin ya riƙa cire cikakken kuɗin da kansa daga asusu duk wata, a kuma tabbatar akwai kuɗi a asusun kafin a hau jirgi. Rami na biyu shi ne aika kuɗi gida da katin. An bugo waya cikin dare, wani ba lafiya, albashi saura mako, ga kati a hannu. Bankuna da yawa suna lissafa irin wannan a matsayin cire tsabar kuɗi, wanda ke da nasa caji da kan kai kashi 5, da ruwa mafi tsada da ke soma hawa daga ranar, ba jiran ranar biya. Ba na cewa a ƙi taimakon ɗan'uwa. Cewa nake a nemi kuɗin ta wata hanya, ko da rance ne wajen abokin zama.

Kafin duk wannan ma, akwai sharar da ya kamata a yi. Wata biyu ko uku bayan sallama, a shiga AnnualCreditReport.com, shafin da doka ta tanada, inda yanzu ake iya duba kundi kyauta duk mako daga kamfanonin uku. Kowane bashi da kotu ta shafe ya kamata ya nuna sifili da bayanin cewa ya shiga shari'ar. Ba abin mamaki ba ne a tarar wani yana nuna har yanzu ana bin ka, ko an sayar da shi ga masu karɓar bashi sun sake rubuta shi kamar sabo. A rubuta ƙorafi a haɗa da kwafin takardar sallama, doka ta ba su kwana 30 su bincika. Wannan aiki mutum na iya yi da kansa da kuɗin kan sarki. Masu tallar gyaran kundi da ke cewa za su goge karyewa cikin wata uku, abin da ba gaskiya ba ne kawai ake iya gogewa. Dokar 1996 ta hana su karɓar kuɗi kafin su yi aiki, kuma a 2023 hukumar kare masu mu'amala da cibiyoyin kuɗi ta samu hukuncin dala biliyan 2.7 a kan kamfanonin da ke bayan Lexington Law da CreditRepair.com saboda cajin mutane tun kafin lokaci. Mafi haɗari su ne masu sayar da wata lamba mai tara su ce ka yi amfani da ita maimakon lambar shaidarka ta gwamnati, wato Social Security, don ka buɗe sabon kundi. Sau da yawa lambar wani yaro ce ko mamaci aka sato. Laifi ne na tarayya, kuma ga wanda bai riga ya zama ɗan ƙasa ba, abin na iya taɓa takardunsa na zama.

Dangi na iya taimakawa ta hanyar sa sunan mutum a tsohon katinsu mai tsabta, tarihin katin ya bayyana a kundinsa ko da bai taɓa riƙe shi ba. Tsayawa mutum a bashi kuwa wani abu ne daban. Wanda ya sa hannu a matsayin mai tsayawa, bashin nasa ne, kuma Babi na 7 ba ya sauke masa ko da an sauke wa mai ci. Zumunci da yawa ya mutu a kan wannan sa hannu.

Musulmi mai karanta wannan yana da tambaya biyu a ransa tun ɗazu. Ta farko, shin bashin da alƙalin Amurka ya shafe ya sauka a wajen Allah? Abin da aka sani a fiƙihu shi ne wanda ya rasa ana jinkirta masa har ya samu, haƙƙin kuma yana nan sai an biya ko mai shi ya yafe. Dokar Amurka ba ta hana wannan ba, ta faɗa ƙarara cewa mutum na iya biyan bashin da aka shafe don ganin damarsa. Abin da ta hana shi ne a tilasta masa. Saboda haka wanda abokinsa ko wani mai ƙaramin shago ya shiga cikin waɗanda aka shafe, hanya a buɗe take ranar da ya samu. Ta biyu ita ce katin kansa. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a 2000, ta ce bai halatta a karɓi katin da aka gindaya wa sharaɗin ruwa ba, ko da mutum ya ƙudurta zai biya kafin ruwan ya hau. Wasu malaman da ke zaune a Amurka da Turai sun sassauta saboda buƙata, da sharaɗin a riƙa biya duka a kan lokaci. Wannan hukunci na malamai ne, kowa ya tambayi wanda ya amince da iliminsa. Abin da zan iya ƙarawa shi ne hatta kamfanonin da ke saya wa Musulmi gida ba da ruwa ba, irin su Guidance Residential, suna duba kundin nan da makin nan kafin su shiga ciniki da mutum.

Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da kati ba yana da wasu ƙofofi, ko da sun fi ƙunci. Wata ƙungiya a San Francisco mai suna Mission Asset Fund, wadda aka kafa a 2007, ta ɗauki adashin da baƙi ke yi tsakaninsu ta sa shi a takarda. Mutane su haɗu, kowa ya zuba duk wata, a kwashe bi da bi, ba ruwa, ita kuma ta kai wa masu kundi rahoton kowane zubi. Adashin da ake yi a masallatan unguwannin Bronx da Harlem a New York kuɗi masu yawa ke juyawa a cikinsa, amma tunda ba wanda ke kai rahoto, ba ya ƙara wa kowa maki ko ɗaya. Akwai kuma kamfanonin da ke kai rahoton kuɗin haya, sai dai tsofaffin nau'o'in makin da masu ba da bashin gida suka daɗe suna aiki da su ba sa lissafa haya.

Ba wanda zai iya yi maka alkawarin maki kaza a wata kaza, domin ya danganta da inda ka faro da abin da ya rage a kundin. Abin da aka saba gani shi ne bayan wata shida zuwa shekara na biya ba fashi, ana iya neman kati na biyu marar jingina, biyu ko uku kuma sun isa. Na farkon kada a rufe shi in ba ya cin kuɗin shekara, domin shi ne mafi tsufa a sabon tarihin. Masu burin gida kuwa su riƙe waɗannan: bashin gidan da FHA, hukumar gidaje ta gwamnatin tarayya, ke tsaya wa ana iya nemansa shekara biyu bayan sallamar Babi na 7, wanda ke bin ƙa'idar Fannie Mae kuma, wato kamfanin da ke sayen bashin gidaje daga bankuna da goyon bayan gwamnati, shekara huɗu. Waɗannan daga ranar sallama ake ƙirga su, shekara goman kundi da shekara takwas na sake shiga kotu kuwa daga ranar shigar da ƙara, don haka a ajiye takardun biyu wuri guda. Tsofaffin basussukan da suka shiga shari'ar suna fita daga kundi tun da wuri, shekara bakwai daga ranar da aka fara makara a kansu. Ita karyewar ya kamata ta fita da kanta in lokacinta ya cika, amma a duba kundin duka uku a watan da ya biyo baya, in ɗaya ya bar ta a rubuta masa.